Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tsara Karatun Sakandare ga Matashin da Ake Karantarwa a Gida

Gabatarwa

Daga cikin al'amuran ilmi da suka bunƙasa a Amurka da wasu ƙasashen Turai, akwai wani da ba mu cika tattaunawa a kansa ba a azuzuwanmu, watau al'adar nan ta iyaye su ƙi kai 'ya'yansu makaranta, su ɗauki nauyin karantar da su da kansu a gida. Matuƙar yaro yana ƙarami, lamarin ba shi da wuyar fahimta, domin duk uwar da ta yi karatu tana iya koya wa ɗanta baƙi da wasali da ƙidaya, la'alla ma ta fi malamin da aka tara wa yara hamsin a aji guda. Amma ranar da yaron nan ya cika shekara 14, sai kiɗa ya canza. Daga nan zuwa shekara 18 ne ake shimfiɗa hanyar da za ta kai shi jami'a, ko gidan koyon sana'a, ko aikin soja, ko kuwa ta bar shi a tsaye bakin ƙofa ba shi da takardar shiga ko'ina.

Ra'ayin da nake so in gabatar wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a wannan rubutu shi ne, karatun gida a matakin sakandare ba ya zama adalci ga matashi sai idan an tsara shi ta yadda ƙofofi za su kasance a buɗe gare shi ranar da ya gama. Wannan kuwa ba ya samuwa sai an fara lissafi daga ƙarshe an dawo farko, an nemi shaidar wanda ba ɗan gida ba, an kuma saurari shi mai abin. Zan ɗauki yawancin misalaina daga Amurka, domin a can ne al'adar ta fi kafuwa, sa'an nan daga bisani in taɓo abin da ya shafe mu.

Asalin Lamarin

Karatun gida na zamani a Amurka ya taso ne daga tushe biyu. Tushe na farko shi ne na masu sukar makaranta ita kanta, waɗanda jagoransu shi ne John Holt. Shi malamin makaranta ne wanda ya wallafa littafinsa How Children Fail a 1964, inda ya nuna cewa tsoron kuskure da tsoron malami su ne ke dusashe basirar yara. Da ya fid da tsammanin gyaruwar makaranta, sai ya kafa mujallar Growing Without Schooling a 1977 don iyayen da suka zaɓi su riƙe 'ya'yansu a gida. Tushe na biyu shi ne na iyaye masu kishin addinin Kirista, waɗanda rubuce-rubucen Raymond Moore da matarsa Dorothy suka yi wa tasiri, kuma waɗanda suka kafa ƙungiyar lauyoyi ta kare karatun gida a 1983. Bayan an sha shari'o'i da gyare-gyaren dokoki, zuwa 1993 karatun gida ya halasta a dukkan jihohin ƙasar 50.

Cibiyar ƙididdigar ilmi ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa yara kimanin 850,000 ake karantarwa a gida a 1999, kuma zuwa 2012 adadin ya kai wajen miliyan 1.8, watau kashi 3.4 cikin ɗari na yaran da suka isa shiga makaranta. Da annobar korona ta zo a 2020, hukumar ƙidayar ƙasar ta gano cewa gidajen da ke karantar da 'ya'yansu da kansu sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari a watannin bazara zuwa kashi 11.1 a watannin kaka. Ashe ke nan maganar ta shafi makomar miliyoyin matasa.

Dokokin kuwa sun sha bamban daga jiha zuwa jiha. A Teksas ba a ma bukatar iyayen da ba su taɓa sa ɗansu makaranta ba su sanar da hukuma, balle a yi wa yaron jarrabawa. A jihar Niyok kuwa dole ne su miƙa tsarin karatu kowace shekara, su kai rahoto sau huɗu, a kuma auna yaron a ƙarshen shekara. A Ingila dokar ilmi ta 1996 ta ɗora wa iyaye alhakin ilmantar da yaro, ko a makaranta ko ta wata hanya dabam. Faransa ta ƙara tsaurara sharuɗɗa da dokar 2021, wadda ta sa sai an nemi izni, Jamus kuwa ta hana abin baki ɗaya. Abin lura a nan shi ne, duk inda doka ta sassauta, to nauyin da hukuma ta sauke a kan iyaye ya faɗa.

Inda Gizo ke Saƙar

Makarantar sakandare tana yi wa yaro ayyuka da dama waɗanda ba a ganinsu sai an rasa su. Ban da koyarwa, ita ce ke jera darussa bisa tsari, ta yadda kowane darasi zai zama tsani zuwa na gaba. Ita ce ke ajiye sakamako a ofis. Ita ce ke tanadin ɗakin gwaje-gwaje, ta yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa kafin wa'adi ya wuce, ta kuma samar da malaman da za su rubuta wa yaro takardar shaida. Uban da ya cire ɗansa daga makaranta ya karɓi waɗannan ayyuka duka, ko ya sani ko bai sani ba. Ya zama malami, ya zama shugaban makaranta, ya zama magatakarda, ya zama mai ba da shawara.

A Amurka karatun sakandare shekara huɗu ne, daga aji 9 zuwa aji 12, kuma ana auna shi da wani ma'auni da Gidauniyar Carnegie ta fito da shi a 1906. Ma'auni guda shi ne sa'o'i 120 na darasi a fanni ɗaya, watau kimanin karatun shekara guda. Yawancin jihohi suna neman tsakanin ma'auni 20 zuwa 24 kafin su ba ɗalibin makarantar gwamnati takardar kammalawa. Rahoton nan mai suna A Nation at Risk, wanda ya fito a 1983, ya ba da shawarar kowane ɗalibi ya yi Turanci shekara huɗu, lissafi shekara uku, kimiyya shekara uku, ilmin zaman jama'a shekara uku, sa'an nan mai niyyar zuwa jami'a ya ƙara da wani harshe na waje shekara biyu. Har yau wannan ne ƙashin bayan abin da manyan makarantu ke dubawa. Jami'ar Kalifoniya, alal misali, tana neman darussa 15 a fannoni bakwai, cikinsu har da lissafi na shekara uku da kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje ta shekara biyu.

To, a nan ne tarko na farko yake. Dokar karatun gida ta jihar Niyok, duk da tsananinta, lissafin shekara biyu kawai ta wajabta a wannan mataki. Iyayen da suka bi dokar sau da ƙafa, ba su karya ko da harafi ɗaya ba, suna iya wayar gari ɗansu bai cika sharaɗin jami'ar da yake so ba. Cika umarnin hukuma daban, buɗe wa yaro ƙofa daban.

Fara Lissafi Daga Ƙarshe

Masu iya magana kan ce tun ran gini tun ran zane. Hanyar da ta dace ita ce, tun yaro yana shekara 13 ko 14, a zauna a lissafa ƙofofin da mai yiwuwa zai ƙwanƙwasa idan ya kai 18, a binciko abin da kowace ƙofa take nema, sa'an nan a jera darussan shekara huɗun ta yadda za su cika sharaɗin ƙofar da ta fi tsanani. Dalili kuwa shi ne, wanda ya shirya wa ƙofa mai tsauri yana iya shiga mai sauƙi idan ya ga dama, amma wanda ya shirya wa mai sauƙi kaɗai ya riga ya yanke wa kansa hukunci.

Lissafi ne fannin da ya fi nuna gaskiyar wannan magana, domin shi tsani ne wanda ba a tsallake matakinsa. A tsarin Amurka ana fara aljabara ta farko, sai jometiri, sai aljabara ta biyu, sai share fagen kalkulas, sa'an nan kalkulas kansa. Kowane ɗaya shekara guda yake ci. Yaron da bai fara aljabara ba sai a aji 10, ba zai kai ga share fagen kalkulas ba kafin ya gama, sai fa idan ya haɗa biyu a shekara ɗaya. Idan a shekara 17 ya ce injiniya yake so ya zama, sai a tarar cewa shawarar da aka yanke, ko kuma aka ƙi yankewa, shekara uku baya ita ce ta tare masa hanya. Tarihi ko adabi ana iya cim musu da yawan karatu a cikin 'yan watanni, lissafi da harshen waje kuwa sai an bi su sannu a hankali.

Wannan ba zato ba ne kawai. Robert Kunzman da Milton Gaither, waɗanda suka yi bitar binciken da aka gudanar a kan karatun gida a 2013, sun lura da abubuwa biyu. Na farko, yawancin binciken da ke nuna 'yan karatun gida sun fi 'yan makaranta ƙoƙari an gina shi ne a kan iyalan da suka kawo kansu da kansu, saboda haka ba ya wakiltar kowa. Na biyu, ana yawan ganin cewa 'yan karatun gida sun fi ƙarfi a fannin harshe fiye da fannin lissafi. Ba abin mamaki ba ne, domin yaro yana iya shan littattafai shi kaɗai a ɗaki, amma lissafi mai zurfi yana bukatar wanda ya ƙware ya tsaya a kansa, kuma iyaye da yawa nan ne iyakar saninsu take.

Kada kuma a ɗauka cewa wanda ba ya nufin jami'a ya tsira daga wannan. Shirye-shiryen koyon aikin lantarki da ƙungiyar ma'aikatan lantarki ta Amurka ke gudanarwa tare da 'yan kwangila, waɗanda ke ɗaukar sa'o'i wajen 8,000 na aiki a ƙarƙashin gwani, suna neman shaidar cewa mai nema ya ci aljabara ta shekara guda. Ashe ko mai ɗaura waya sai ya nuna takarda. Iyayen da suka ce ɗansu ai sana'a zai yi, don haka ba ruwansa da aljabara, sun rufe masa ƙofar jami'a da ta babbar sana'a a lokaci guda.

Tare da jera darussa, wajibi ne a riƙa rubutawa. Tun daga ranar farko ta aji 9 ya kamata a buɗe kundi, a rubuta sunan kowane darasi, da littattafan da aka karanta, da sa'o'in da aka ɗauka, da gwaje-gwajen da aka yi, da makin da aka samu da yadda aka bayar da shi. Daga wannan kundi ne za a fitar da takardar sakamako ta shekara huɗu da jami'o'i ke nema. Wanda ya bari sai ranar cike takardar neman shiga sa'an nan ya zauna yana tuno abin da aka karanta shekara uku da suka wuce, to shi ne mai fafe gora ranar tafiya.

Shaidar Wanda Ba Ɗan Gida Ba

Ko da an rubuta kome da kome, akwai sauran rina a kaba. Takardar da uwa ta rubuta, ta ba ɗanta maki mafi girma a kowane fanni, ta sa hannu, mai karanta ta a ofishin jami'a ba shi da yadda zai bambanta ta gaskiya da ta son zuciya. Doka dai ta amince da ita, domin tun gyaran dokar ilmi mai zurfi na 1998 ɗalibin da ya kammala karatun gida yana da ikon neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya ba tare da wata takarda ta daban ba. Amma amincewar doka ba ta hana mai tantancewa yin shakka. Yabon kai jahilci ne, in ji Hausawa, yabon ɗa kuwa ɗan'uwansa ne na kusa. Saboda haka ake bukatar shaidu daga waje, kuma hanyoyin samunsu sanannu ne.

Hanya ta farko ita ce jarrabawar gama-gari, watau SAT, wadda makinta ke tsakanin 400 da 1600, ko ACT, wadda makinta ke tsakanin 1 da 36. A lokacin annoba jami'o'i da yawa sun daina wajabta su, amma wasu manya sun dawo da su, kamar MIT a 2022 da Harvard a 2024. Ga ɗan makaranta, wannan jarrabawa shaida ce guda cikin shaidu da yawa. Ga ɗan karatun gida kuwa, sau da yawa ita ce kaɗai ma'aunin da ya haɗa shi da sauran tsararsa. Tara Westover, wadda ta wallafa tarihin rayuwarta mai suna Educated a 2018, ta ba da labarin yadda ta tashi a jihar Aidaho ba ta taɓa zama a aji ba, ta koya wa kanta lissafi ta ci ACT, ta shiga Jami'ar Brigham Young tana shekara 17, har ta kai ga samun digirin digirgir a Kambirij. Ana yawan kawo labarinta a matsayin abin alfahari, amma darasin da ke cikinsa shi ne, ƙofa guda ce ta rage mata, kuma da ƙyar ta same ta. Ba a gina tsarin ilmin yaro a kan fatan zai zama irinta.

Hanya ta biyu ita ce jarrabawar AP, wadda ake yi a watan Mayu a fannoni dabam-dabam a matakin shekarar farko ta jami'a, ana ba da maki daga 1 zuwa 5. Ba a yin ta a gida. Sai iyaye sun nemi makarantar da za ta yarda ta karɓi yaron, kuma makarantu suna aika sunayen masu zama tun cikin kaka, watanni da dama kafin ranar. Wanda ya farga a watan Maris ya makara.

Hanya ta uku, wadda a ganina ta fi sauran amfani, ita ce yaro ya ɗauki darasi ɗaya ko biyu a kwalejin shekara biyu ta yankinsu tun yana sakandare. Jihar Minesota ta buɗe wannan hanya da dokar 1985, jihar Washintan ta bi da nata shiri a 1990, kuma 'yan karatun gida suna cikin masu cin moriyarsu. Da dutse guda ake jifan tsuntsaye da yawa a nan: yaro ya sami ɗakin gwaje-gwajen da babu a gida, ya sami maki daga malamin da ba danginsa ba, ya sami wanda zai rubuta masa takardar shaida, ya kuma ɗanɗana zama a aji da cika wa'adin da ba a ɗagawa don an ga ya gaji. Sai dai a kula, makin da aka samu a kwaleji yana bin mutum har jami'a, saboda haka kada a tura yaro kafin ya nuna.

Abin da ya faru a Ingila a 2020 ya isa ishara. Da aka soke jarrabawar GCSE da ta A-level saboda annoba, sai aka ce makarantu su ƙiyasta wa ɗalibansu maki. 'Yan karatun gida da yawa, waɗanda suka yi rajista a matsayin masu zaman kansu, ba su sami maki ba a wannan zango, domin babu wata makaranta da ta san aikinsu har ta tsaya musu. Sun yi karatun, amma ba su da mai shaida.

Muryar Mai Abin

Duk abin da na faɗa a sama ana iya yin sa ba tare da an tambayi yaron kome ba, kuma idan aka yi haka an ɓata rawa da tsalle. A 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar jihar Wiskonsin da Yoder, inda ta yarda iyaye 'yan al'ummar Amish su cire 'ya'yansu daga makaranta bayan aji 8 saboda addininsu. Alƙali William O. Douglas ya saɓa wa sauran a wani ɓangare na hukuncin, yana mai cewa makomar da ake magana a kanta ta yaran ce, don haka ya kamata a ji ta bakinsu. A 1980 masanin falsafa Joel Feinberg ya faɗaɗa wannan tunani, ya nuna cewa yaro yana da haƙƙin a bar masa makomarsa a buɗe har ya isa zaɓa da kansa, kuma iyaye riƙon amana suke yi wa wannan haƙƙi.

A makaranta, yaro yana gamuwa da malamai iri-iri da abokai masu buri dabam-dabam, har wani ya ankarar da shi wata baiwa da iyayensa ba su gani ba. A gida kuwa, mai koyarwa da mai ciyarwa da mai yanke hukunci duk mutum ɗaya ne, don haka haɗarin a ɗinka wa yaro rigar da ba tasa ba ya fi yawa. Uba likita yana iya cika jadawali da kimiyya, uwa mai son adabi ta yi sakaci da lissafi, kowannensu kuma da kyakkyawar niyya. Maganin wannan shi ne a riƙa miƙa wa matashi linzami kaɗan-kaɗan. A aji 9 iyaye ne ke tsarawa suna shawara da shi. A aji 10 shi ne zai zaɓi darussan da ba na tilas ba. A aji 11 shi ne zai binciko sharuɗɗan makarantun da yake so, ya rubuta wasiƙun neman bayani da hannunsa, ya je ya ga masu aikin da yake sha'awa a wurin aikinsu, domin gani ya kori ji. A aji 12 kuwa ya kamata iyaye su koma 'yan rakiya. A ƙarshen kowace shekara a zauna a sake duba tsarin, domin burin ɗan shekara 14 ba lalle ne ya kai shi 17 ba, kuma canjin ra'ayi a wannan lokaci alamar girma ce.

Sukar da Za a Iya Yi

Mabiya John Holt za su ce duk wannan dawo da makaranta ne cikin gida ta ƙofar baya. Za su ce an gudu daga ƙararrawa da jarrabawa da maki, ga shi kuma an kawo su har tsakar gida, to mene ne amfanin gudun? Wannan suka tana da ƙarfi, domin haƙiƙa babbar fa'idar karatun gida ita ce yaro ya sami sararin nutsewa cikin abin da yake so ba tare da an katse shi kowane minti arba'in ba.

Amma a yi lissafi. Fannoni biyar na tushe, kowanne sa'o'i 120, sun kama sa'o'i 600 a shekara. Idan aka raba su a kan kwanaki 180 da aka saba yi a shekarar karatu, sa'o'i uku ne da minti 20 a rana. Sauran yinin duka na yaron ne, ya yi kiɗa, ko noma, ko gyaran inji, ko rubuta manhajar kwamfuta, ko ya bi wani gwani yana koyon aiki. Waɗannan ma, idan an rubuta su yadda ya kamata, suna shiga cikin takardar sakamako, kuma su ne kan bambanta shi da dubban masu nema. Sa'o'i uku da 'yan mintoci ba tsada ba ce idan abin da za a saya da su shi ne 'yancin zaɓi. Bugu da ƙari, iyaye ne suka zaɓi ƙin makaranta, yaron bai zaɓi ƙin jami'a ko babbar sana'a ba. Bai dace a sa shi ya biya bashin aƙidar da ba shi ya ci ba.

Abin da Ya Shafe Mu

Karatu a gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u a gidansu ta yi karatu, haka nan malamai da yawa a zaurukan iyayensu suka fara. Abin sha'awa kuma shi ne, magabata sun gane matsalar shaida tun da daɗewa, shi ya sa aka sami ijaza, wadda a cikinta malami ke ambaton littafin da ɗalibi ya karanta a wurinsa da silsilar waɗanda shi ya karɓa daga gare su. Darajar ijaza tana rataye ne a kan sanin da jama'a suka yi wa mai bayar da ita a wannan fanni. Shi ya sa ɗan malami, bayan ya ɗauki abin da ke wurin mahaifinsa, yakan yi tafiya ya nemi wani fanni a wurin gwaninsa.

Ta fuskar boko kuwa, dokar ilmin bai-ɗaya ta Nijeriya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, watau shekara tara. Saboda haka inda wannan magana ta fi taɓa mu shi ne babbar sakandare, musamman ga matashin da rashin lafiya, ko rashin tsaro, ko rufe makarantu ya tilasta wa zaman gida. Irin wannan matashi yana da hanya, domin WAEC da NECO duka suna shirya jarrabawa ta masu zaman kansu, NABTEB kuma tana yin ta fannin sana'a da kasuwanci. Amma ƙa'idar ba ta canza ba. Jami'a tana neman kiredit biyar har da Turanci, JAMB tana jarraba darussa huɗu, kuma kowane fannin karatu yana da haɗin darussan da yake nema. Wanda ya zaɓi darussa ba tare da ya duba wannan haɗi ba tun farko, yana iya cin jarrabawa da kyau a ce masa bai cancanta ba.

Kammalawa

A taƙaice, iyayen da suka ɗauki nauyin karantar da matashi a gida sun ɗauki amanar shekaru huɗu waɗanda ba a maimaita su cikin sauƙi. Sauke wannan amana yana bukatar su san abin da kowace ƙofa take nema tun kafin a fara, su riƙe lissafi da kimiyya da harshe ko da yaron bai ga amfaninsu ba tukuna, su rubuta abin da aka yi a lokacin da aka yi shi, su kai ɗansu gaban waɗanda za su auna shi ba sani ba sabo, sa'an nan su sakar masa linzami tun yana gabansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gida ɗaya, kome ilminsa, ba ya iya zama malami da alƙali da shaida a lokaci guda. Mu da muke shirin zama malamai da iyaye, ya kamata mu auna kowane tsarin karatu, na gida ne ko na makaranta, da tambaya guda: ranar da yaron ya cika shekara 18, hanyoyi nawa ne zai iya bi idan ya ga dama, kuma wa ya zaɓa masa?